Rariyar Inna

A kasuwar Bodinga Bahijja ta fara ganinsa, yana roƙon masu kaji su bar masa kashin kajinsu. Dariya ta kuɓuce mata. Zainulabidin ya waiwayo, shi ke nan, har buhunsa ya manta a wurin.

Mutumin Shagari ne, mai ƙyanƙyasar tarwaɗa. Da kashin kajin yake raya wasu ƙananan ƙwarin ruwa a tanki, don jariran kifi ba sa cin komai sai abu mai rai, ɗan mitsitsi.

Mahaifinta, Malam Attahiru, bai ga abin so a nan ba, ga kuma Auwal mai albasa yana ta zarya.

"Mai kwasar kashin kaji za ni ba ɗiyata? To, ga tabkina nan hwadamar Danchadi, shi cika min shi da kihi kahin kaka. In ya kasa, Auwal na nan."

Tun daga ranar Bahijja ta daina cin abincin kirki. Ana haka sai ga saƙon Zainulabidin a wayarta:

"Tauraruwata, zahi ya kashe ƙwarin tankina. Kihin sun hwara neman abinci, ban da abin ba su."

Nan take ta gangara fadama, ta ciko jarka da ruwan kududdufi mai cike da ƙwari, ta ba ɗan kabu-kabu mai babur ya kai masa Shagari. Shi kuma gogan, murna ta sa ya juye ruwan a tankin kifin haka nan, bai tace ba. So kan sa malami ma ya manta karatunsa.

Washegari saƙon ya zo babu ko "Tauraruwata":

"Akwai manyan ƙwari cikin ruwan ga. Sun canye rabin kihin."

Ta kira, bai ɗaga ba. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta tabbata ya yi fushi. Bawan Allah kuwa yana duƙe bakin tanki yana tsince ɓarayin ɗaya bayan ɗaya.

Da ta gaji da kukan, ta ɗauke rariyar tankaɗen Inna, mahaifiyarta. Kullum da safe sai ta tace ruwan fadama, ƙanana su wuce, manya su tsaya, ta aika Shagari. Ana nan sai ga saƙonsa:

"Ba hushi ni ka yi ba, Tauraruwata, tsoron rasa ki ni ka ji. Kihin suna ci!"

Kafin a yanke gero, Malam Attahiru ya tsaya bakin tafkinsa, ya daɗe yana kallon ruwan yana motsi baƙi ƙirin da kifi.

"Ashe dalilin da yas sa muka ta cin tuwo da tsaki ke nan," in ji shi. "Shi turo magabatanshi."

Ranar kai amarya, Inna ta ɗora sabuwar rariya a kan kayan ɗaki, tana share hawaye.

"Wagga ta tuwon mijinki ta, kihi su nemi tasu. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zama lahiya."