Dariyar da Aka Yi wa Saja Ɗanjuma

"Goge shi, Muntasir! Yanzun nan!"

Salihatu ta dangwara wayarta a kan teburin shagonsa. A fuskar wayar, cikin fim ɗin da Muntasir ya shirya, wani ɗan wasa cikin kakin soja ne ke rarrafawa ƙarƙashin gado don ya ji tsawa.

"Haba masoyiyata, fim ne fa... ban ambaci sunan Baba ba."

"Ba ka ambata ba? Tsohon soja mai ɗingishi da ƙafar hagu, wanda ya yi yaƙin Laberiya! Su nawa ne a Kontagora?"

Ya kawar da kai daga wayar.

Abin da ya fi ƙona mata rai, da bakinta ta gaya masa. Tana kuka ta faɗa masa yadda mahaifinta, Saja Ɗanjuma, ke ɓuya duk sanda aka yi tsawa. Sirrin da ko maƙwabta ba su sani ba, shi mutumin da za ta aura bayan salla ya ɗauka ya raba wa gari. Kai, wannan cin amana da yawa yake!

"Yara banga mai fashewa suke jefa mana a ƙofar gida, su ga ko zai gudu. Baba ko masallaci ya daina fita."

"Wallahi so na yi a tausaya wa irinsu..."

"Shi ya sa ka saka kiɗan barkwanci a wurin?"

Ta fizge wayarta ta tare Keke Napep. Duk hanya mahaifin Muntasir take ayyanawa, Alhaji Khalilu. Tun suna yara a Kumbashi yake kokawa da Babanta, bai taɓa kayar da shi ba, bai kuma taɓa hucewa ba. Da ƙyar ma ya yarda da auren. Yau kam yana can yana ƙyaƙyata dariya.

Tana isa, sai ga shi a ƙofar gidansu, da tsumagiya a hannu, yara sun watse.

"Ɗanjuma, fito!" yake ta kira. "Tun muna tsirara nake neman ranar da zan ga bayanka a ƙasa, amma ba da hannun wannan sakaran ɗan nawa ba. Fito mu tafi la'asar!"

An jima kafin Baba ya leƙo, kansa a sunkuye.

Tau! Wani yaro ya sake jefo banga daga lungu.

Baba ya zabura zai koma. Alhaji Khalilu ya cafke hannunsa gam, irin riƙon kokawa.

"Ina za ka? Ai ban sake ka ba."

Haka suka nufi masallaci, ɗaya na ɗingishi, ɗaya na masifa. Hawaye suka zubo wa Salihatu.

Washegari Muntasir ya zo ya durƙusa a zaure. Ya goge fim ɗin, in ji shi, duk da ya riga ya shiga wayoyin mutane. Baba ya ce ya yafe, ya tashi ya ba su wuri.

"Salihatuna... kin ji Baba ya yafe."

Har yanzu tana son sa, abin haushin ke nan. Ta zare zobensa ta ajiye a kan tabarma.

"Baba dariya aka yi masa, ya yafe. Ni kuwa in na aure ka, Muntasir, wa zan riƙa gaya wa damuwata?"