Jan Biron Da Ta Ajiye

Jan biro. Ledar takardunsa. Ruwan gora da ya yi ɗumi. Wayar da take kiransa da ita tun safe bai ɗauka ba.

Su ke nan a kan cinyarta, motar haya tana jan jiki da ita zuwa asibiti.

Turanci take koya wa manya da yamma, a wani aji da ke saman shagon fenti. Masu gadi, 'yan kasuwa, matan da suka dawo karatu bayan haihuwa. Shi direban motar asibiti ne. Ya shigo ajin don jarrabawar makarantar jinya, inda sai ka cika shafi da Turanci kafin a dubi sauran sakamakonka. Bana ce damarsa ta ƙarshe, baɗi shekarunsa sun wuce ƙa'ida.

Rubutunsa na farko ta yi masa yadda take yi wa kowa. Ja daga sama har ƙasa.

Ya juya takardar yana murmushi.

"Malama, a wurin aiki jini, a aji ma jini?"

Aji ya yi dariya. Washegari kujerarsa ba kowa. Jibi ma haka. Sai a lokacin ta gane ƙofa take kallo tana koyarwa.

Da ya dawo, ta ajiye jan biro ta ɗauki fensir. Da ya fara raka ta bakin titi, fensirin ya yi laushi. Ranar da ya fara ce mata "Hasken idona", ta daina zagaye masa kuskure ko ɗaya. Sai ta rubuta a ƙasa: ka inganta.

Yakan ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji, washegari ya mayar da ita kabad ɗin aji.

A gida kuwa Yayanta, wanda ya riƙe su tun rasuwar mahaifinsu, bai ɓoye ra'ayinsa ba.

"Direba? Duk karatun nan naki, jiniya za ki aura?"

"Yaya, jinya zai karanta."

"To ya karanta. Ranar da ya samu gurbi, kawunsa ya zo mu zauna. Kafin nan kada in ga motar nan a layinmu, mutane su ɗauka rasuwa aka yi."

Yaya yana da nasa ɗan takarar: malamin ajin da ke kusa da nata, wanda ɗalibai ke kira Ƙamus. Ƙamus ya taɓa nemanta, ta ce a'a. Bai yi fushi ba. Jira ya yi.

Jiya sakamako ya fito. Direba ya ci komai, ban da rubutu.

Da safen nan ta buɗe kabad ɗin aji, ta tarar rabin takardunsa babu. Ƙamus yana tsaye a bakin ƙofa yana goge tabarau.

"Ya zo yana tambayar inda ya kuskure. Na duba masa. Ai taimako ne, ko ba haka ba, Malama?"

Ta kwashe ragowar, ta zauna, ta bi su da ja, layi bayan layi.

A asibiti, ta sami direban a bayan ɗakin gaggawa. Ƙofofin motar a buɗe, yana durƙushe a ciki yana wanke ƙasa da soso. Warin maganin kashe ƙwayoyin cuta ya cika wurin. Ruwan da ke gangarowa ba fari ba ne.

"Masoyi..."

Bai ɗago ba.

"Kula da takalminki, Malama."

"Tun safe nake kiranka."

"Na gani."

Ya matse soson a bokiti, ya goge hannu, ya zaro takarda daga aljihun ƙirji. Tsohon rubutunsa ne. Jan biron Ƙamus ya cinye shi, ko wurin sa yatsa babu. A ƙasa, da fensirinta: ka inganta.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Ƙarya ya yi?"

"Ba don Allah ya yi ba. Ka san abin da yake nema."

"Na sani. Ke yake nema. Ƙarya ya yi?"

Ta dubi takardar. Ta nemi ko wuri ɗaya da Ƙamus ya zalunce shi. Babu.

"A'a."

"Duk kin gan su."

"Na gani."

"Tun lokacin."

"Tun lokacin."

Ya gyaɗa kai kamar wanda likita ya tabbatar masa da abin da ya riga ya sani.

"Kai ma ka tuna," ta ce. "Na yi maka ja sau ɗaya, ka ɓace. Na ji tsoron kada ka sake tafiya..."

"Na ɓace, na dawo. Da ƙafata na dawo a sake yi min. Kunya na ji, ba mutuwa na yi ba."

"Na so in bi da kai a hankali."

"Mai gadin nan da ke zama bayana, a hankali kika bi da shi? Kullum takardarsa kamar mahauta. Ya ci tasa jarrabawar." Ya yi dariya mara daɗi. "Shi ba kya sonsa. Ya ji daɗinsa."

Ta miƙa masa ledar.

"Na gyara sauran. Duka. Ban bar ko ɗaya ba. Za mu fara daga farko, kullum, ko ba aji. Zan yi wa Yaya magana da kaina, zan ce laifina ne."

Ya leƙa cikin ledar. Ja ne ko'ina.

"Kin iya aikinki," ya ce. "Wace jarrabawar zan shiga da su?"

Ya ajiye ledar a gefe, ya ci gaba.

"Na shiga ɗakin jarrabawar nan kaina a sama. Na cika shafi ina murmushi, ina cewa Malamata ta ce na inganta. Har na gama kafin kowa." Ya dube ta. "Da Yayanki ne ya hana, da na jure. Shi a fuskata ya faɗa."

"Ina sonka. Abin da ya sa ke nan."

"Na sani. Shi ya sa ba zan iya ba. Gobe in kin ce min abinci ya ishe mu, ko yaro lafiyarsa ƙalau, ko ba ki yi nadamar aurena ba... ina zan je a duba min?"

Rediyon motar ya yi ƙara. Wata murya ta kira hatsari a babban titi. Ma'aikaciyar jinya ta fito da sauri, ta zagaya ta hau gaba.

Ya sauke bokitin ƙasa. Ya ɗora ledar a kan hannuwanta, ya ɗora tasa takardar a sama.

"Ki riƙe. Na aji ne."

Ya ja ƙofar baya ta hagu, ya ja ta dama, ya danna har ta kama.

"Na faɗa wa Kawu ya cire maganar zuwa gidanku," ya ce. "Ni ma ba zan sake hawa benen ajin nan ba."