Giɓin Masaƙa

A zamanin da, an yi wani gari mai ganuwa. Duk bayan damina kowace unguwa takan gyara nata ɓangaren, wadda ta fara kai wa mai gari labarin gamawa sai ya ba ta sa.

Wata shekara unguwar wani tsohon magini, Nomau, ta riga kowa. Mutanensa suka ce, "Baba, mu je mu karɓo sanmu."

Nomau ya dubi ɓangaren maƙwabtansu masaƙa, ya ga giɓi, don hannunsu da zare ya saba, ba da laka ba. Ya ce, "In kura ta zo, za ta tambayi giɓin wace unguwa ne?"

Suka yi gunaguni, suka bi shi. Suka kwaɓa, suka ɗora, suka kwaɓa, suka ɗora. Kafin su gama, maƙera sun karɓe san.

Da aka zo yanka, sa ya fizge, ya sheƙa ya nufi giɓin masaƙa, inda ya saba fita kiwo. Ya tarar da bango.

Sarkin maƙera ya iso yana haki, ya damƙe igiya, ya ce, "Baba Nomau, zo ka zaɓi cinya."