Askin Direba

Auta tana tsakar gida tana goge rigar da Baba zai sa washegari Lahadi, ranar da Fasto zai karanta sanarwar aurenta da Mai Aski a gaban ikilisiya, sai ga Gwaggo ta faɗo gidan ko sallama babu, ɗankwali a hannu.

"Ina matar Yaya? Ke Auta, ajiye dutsen gugar nan, ba auren da za a yi!"

Mama ta leƙo daga ɗaki. "Lafiya, Gwaggon yara? Wa ya mutu?"

"Wanda ya mutu ai ya daɗe a ƙasa! Yanzu na biyo ta shagon surukin naki, na tarar da matar direban nan a durƙushe tana zuba masa godiya. Ashe duk Lahadi shi ke yi wa mijinta aski a gidan yari!"

A gidan nan ba a tambayar wane direba. Guda ɗaya ne: wanda ya sha ya bugu, ya take yayan Auta a bakin titi. Mama ta zauna a ƙasa, nan inda take tsaye. Auta kuwa sai da ta ji ƙauri sannan ta ɗaga dutsen daga rigar.

Baba ya aika aka kira Mai Aski. Ya zo da ɓurɓushin gashi a rigarsa, ya durƙusa.

Ikilisiyar tana da ƙungiyar da ke ziyarar gidan yari bayan sujada. Wasu su kai sabulu, wasu su yi addu'a, shi kuwa ya ɗauki almakashi da kilifa. Doka ɗaya gare su: ba a tambayar fursuna abin da ya kawo shi. Baba, dattijon ikilisiya, shi ya kafa dokar da bakinsa tun kafin a yi masa rashi.

"Baba, ban sani ba," in ji Mai Aski. "Bayan rasuwar na zo unguwar nan. Kai kawai nake gani, in aske, wani ya zauna. Sai yau da matarsa ta zo—"

"To yanzu ka sani," Mama ta katse shi. "Gobe ba za ka taɓa kansa ba."

"Mama, layi suke yi. In ya zo gabana in ce masa me?"

"Ka ce masa 'yar gidan da ya kashe wa ɗa za ka aura!"

Gwaggo ta tafa hannu. "Ji min yaro! Ana ba ka mata kana lissafin ƙeyar fursuna? Yaya, ka yi magana mana!"

Baba ya buɗe baki, ya dubi matarsa, ya rufe. Mutum ne da ya iya wa'azin gafara, har mutane kan yi kuka in yana yi. Ranar dai ya ce, "A dakata da sanarwar," ya shige ɗaki.

Washegari Fasto ya karanta sanarwar taron matasa da ta gyaran rufin coci, ya rufe littafinsa. Kowa ya san wadda aka tsallake. Matan zumunta suka riƙa waiwayen Auta a ɓoye, ita kuma ta ƙura wa takalminta ido. Da aka tashi, ta hangi Mai Aski da jakar kayan aikinsa yana bin 'yan ƙungiya.

Ta rasa abin da take ji. In ta tuna hannunsa a kan mutumin nan sai ta ji haushinsa. In kuma ta ƙaddara ya bi maganar Mama, ya kori mutum daga layi a gaban jama'a, sai ta ga ba shi ne wanda ta so ba. Ta yi addu'a, amma ba ta san me za ta roƙa ba.

Da ta kasa daurewa ta same shi a shago yana share gashi.

"Ka je ko?"

"Na je. Sori, Auta."

"Bar ba ni sori! Ni ko shi?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ke nake so. Shi ko sonsa ba na yi. Saura kaɗan ma in yanke masa kunne."

"Da ka yanke!" Ta fashe da kuka, dariya kuma ta kubce mata a ciki. Da ta share ido ta tambaya a hankali, "Yaya yake?"

"Ya rame. Ba ya yarda in nuna masa madubi."

Ta juya ta koma gida.

Watanni suka shuɗe. Gwaggo ta kawo hoton wani malamin makaranta, Auta ta ce ta gode. Mai Aski ya ce ko su je wajen Fasto su kaɗai, ta ce ba za ta bi ta bayan uwarta ba. Ta ci gaba da yi wa Mama wanki da tausar ƙafa, ba ta ƙara ta da zancen ba. A coci kuwa ta lura da wani abu: duk sa'ad da jama'a suka haɗa baki a addu'a aka iso wurin gafarta wa masu laifi, leɓen Mama yakan tsaya, sai an wuce ya ci gaba.

Wata safiya Mama ta yafa gyale ta ce, "Taso ki raka ni."

Shagon suka nufa. Maza na zaune a benci suna musun ƙwallo, suka yi tsit. Mai Aski ya kashe kilifa, ya bar wani da rabin kai.

"Mama, da kin aiko ai—"

"Tsaya ka ji. Ban yafe wa mutumin nan ba. Kada ka je ka ce masa na yafe, ƙarya za ka yi. Ina roƙon Ubangiji, bai ba ni ba tukuna." Ta gyara gyalenta. "Amma abin da na kasa, ba zan hana wanda ya iya ba. Ɗa ɗaya direban nan ya ɗauke min, ba zan ba shi auren 'yata ya haɗa ba. Ka gaya wa Babanku ya ga Fasto."

Mai Aski ya zube a ƙasa. Auta ta rungume Mama tana kuka. Mai rabin kai ya ce, "To ango, a ƙarasa ni mana, kada in je bikin a haka!"

Har ranar ɗaurin auren Auta ba ta iya cewa ga mai gaskiya tsakanin uwarta da mijinta ba. Abin da ta gane shi ne, da ta yi gaggawar zaɓen ɗaya da ta rasa ɗayan. Zuciyar da aka yi wa rauni ba a tura ta ga gafara da ƙarfi. Zama ake yi kusa da ita da haƙuri, har ta taka iyakar inda za ta iya.