Yaron Da Aka Ce Ya Faɗo Daga Beshik

Gulnoza ta shigo ofishin 'yan sanda na birnin Namangan rungume da ɗanta Sardor. Idanun jaririn a buɗe, amma ba sa bin komai.

"Lauya ya ce kotu ba za ta ba shi diyya ba sai an san wanda ya yi masa wannan," in ji ta. "Ina kasuwa abin ya faru. Da me zan yi jinyarsa har ya girma?"

Insfekta Otabek ya wuce asibiti. Likita ta ce jini ya taru a ƙwaƙwalwa, kan kuma babu ko ƙulu. Sai shatin manyan yatsu a haƙarƙari. Jijjiga shi aka yi.

A gidan, surukar Gulnoza, Mastura, ta cika masa kofin shayi fal, wato, a al'adarsu, sha ka kama gabanka. Otabek ya gyara zama.

"Daga beshik yaron ya faɗo, ɗana," ta ce masa.

Ya dubi beshik ɗin, gadon lilo na jarirai. Shi ma a irinsa aka raine shi. Ya ɗauko kankana daga tsakar gida, ya kwantar da ita a gadon, ya ɗaure ta da maɗauransa biyu yadda ake ɗaure kowane jariri, ya kifa gadon. Ko motsi ba ta yi ba.

"Inna, ƙarya ba ta dace da furfura ba."

"To ni ce! Ni na jijjiga shi."

"Miƙo min butar shayin nan."

Yatsunta da sanyin ƙashi ya lanƙwashe suka kasa riƙe butar. Abin ya ba shi ƙyama: tsohuwa ta yarda ta tafi kurkuku saboda ƙato, jikanta kuwa ko sunansa ba ta ambata ba.

Ƙaton shi ne ɗanta Jasur, uban yaron, direban tasi. Yana zaune gefe yana latsa waya.

"Ina kan hanyar Tashkent ranar, Otabek-aka," ya ce, yana kiransa aka, wato yaya, don girmamawa.

"Da wace mota? Maƙwabta sun ga motarka a ƙofa wuni guda. Ina take yanzu?"

"Ta ƙanena ce."

"Tun yaushe?"

Otabek ya riga ya sani: washegarin da Gulnoza ta ga lauya aka mayar da takardun motar zuwa sunan ƙanen, don kada kotu ta taɓa ta.

"Kuka yake ta yi ina barci," Jasur ya faɗa a ƙarshe. "Ɗan girgiza shi kawai na yi. Ai ya yi shiru."

Otabek ya ji kamar ya tofar da yawu. Ya sa masa ankwa, ya ce wa Gulnoza, da ke tsaye da yaron a tsakar gida, ta kira lauyanta, wayon sauya sunan mota ba ya cin kotu.

A bakin ƙofa Jasur ya waiwayo. Gulnoza ta ɗaga yaron, ko zai dube shi.

"Aka," ya ce, "motar fa, za su ƙwace ta?"