Kujerar Da Ba Mai Zama

"Ki cire shi daga ranki!" Mama ta dangwarar da faranti a gaban Auta. "Wanda ya karya wa yayanki hannu shi ne mijin aure?"

"Mama, ya fa tuba—"

"Tuban muzuru! Rufe min baki."

Saura wata biyu bikin Auta da Dogo, gardamar ƙwallo ta haɗa shi da Yayanta, ya hankaɗa shi cikin kwalbati, hannun dama ya karye. A gaban alƙali aka ba Yaya zaɓi, ɗauri ko sulhu. Yaya mai aski ne, kuma tare suka koyi sana'ar da Dogo, sai ya ce, "Ɗaure shi ba zai buɗe min shago ba. Ya riƙe min shi har in warke."

Baba kuwa magana ɗaya ya yi: "Ranar da wani ya miƙa wa yaron nan wuyansa da reza a hannunsa, a zo min da zancen aure. Kafin nan, ko gaisuwa ban yarda ba."

To wa zai miƙa? Kwastomomi duk suka watse. Kullum in Auta za ta wurin koyon ɗinki, tana hango shi ta gilashi. Ya goge madubi, ya sa wa kilifa mai, ya share ƙasan da babu ko silin gashi, sannan ya tsaya bayan kujera shi kaɗai. A gida ita ma ba mai kula ta. Kaɗaici ya ishe ta, ta rame, kuka kuwa sai a banɗaki.

Sati bakwai a haka. Wata rana samari suka tsaya a ƙofar shagon suna ihu, "Karya-hannu! Yau wa za ka karya?" Har da watsa masa ruwan leda. Dogo ya goge fuska, ya ɗauki tsumma ya tsane ƙofar.

Auta ta shigo gida da gudu, ta durƙusa gaban Yaya, wanda gemu ya cika wa fuska.

"Yaya, ka hana a ɗaure shi, amma wallahi a ɗaure yake! Ka ba shi makulli, ba ka taɓa leƙa shi ba."

Yaya ya daɗe yana kallon bandejinsa.

Washegari da hantsi ya shiga shagon, unguwa na kallo. Ya zauna, ya kwantar da kai.

"Da reza nake so."

Dogo ya ɗauko reza. "Yaya... ka yafe min."

"Yi aikinka, malam. In ka yanke ni, hagun nan lafiyarta ƙalau!"

Dogo ya yi dariya, hawaye na zuba, ya shafa masa kumfa. Kafin ya gama, mutum biyu sun zauna a benci. Na uku Baba ne, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Haƙurin Auta bai faɗi ƙasa banza ba, an ɗaura auren bayan an kwance bandeji. Yafiyar baki ba ta gyara mai laifi, sai an sami wanda zai fara ba shi amana. Ita dai Auta har yau ba ta manta yammacin nan ba, da ta hango Dogo yana shara, tsintsiyarsa cike da gashi.