Hannun da Nanay Sabel Ta Janye

Amparo tana kicin tana soya kifi da tafarnuwa ta ji muryar surukarta daga falo kamar ana magana da kurma. Tun da mijinta Crisanto ya zama magajin garin Santa Rufina gidan bai sake yin shiru ba. Kullum da dangin da za su tuno cewa jininsu ɗaya da shi, har waɗanda a da suke tsallake titi in sun hango shi yana tura keken ƙanƙara.

Ita kam tun a wancan keken ta san shi. A kasuwar kifi ta bakin teku yake sayar wa masunta ƙanƙara, ita tana tsaron teburin mahaifinta. Tare suka sha wahala bayan aure har suka kafa masana'antarsu ta ƙanƙara, har masunta suka taru suka ce shi suke so ya riƙe garin. A duk shekarun nan wansa Efren ko guduma bai taɓa ɗaga masa ba. Yau ga shi a falo ya ɗora ƙafa kan ƙafa, wai a tashi kasuwar kifin a ba shi filin ya gina otal, uwarsu Nanay Sabel kuma tana ɗaure masa gindi.

Amparo ta fito ta sunkuya, ta kama hannun daman tsohuwar ta kai goshinta, kamar yadda kowane ɗa a garin yake gaida babba don neman albarka. Sai da aka zuba shinkafa ta ce, cikin ladabi, gidaje da yawa daga kasuwar nan suke ci, kuma su suka kaɗa wa Crisanto ƙuri'a.

"Ji min 'yar ƙarnin kifi," in ji Nanay Sabel. "Wa ya sako bakinki? Wannan na haifa, wancan na haifa. Ke me kika haifa mana ban da iyayi?"

"A bar ta, Nanay, fes ledi ce," in ji Efren yana dariya.

Crisanto kuwa, mutumin da ya tsaya gaban gari guda lokacin kamfen yana buga ƙirji, ya sunkuyar da kai yana tsince ƙaya a kifi. Shirunsa ya fi zagin yi mata ciwo.

Ranar bikin waliyyin gari abin ya kai maƙura. An fito daga coci, jama'a maƙil, Amparo ta sunkuya ta miƙa hannu. Nanay Sabel ta dube ta sama da ƙasa, ta janye hannunta ta cusa a jaka, ta bar ta a sunkuye mutane suna kallo. Ko ɗan da ya kwana a mashaya ba a hana shi hannu. Amparo ta ɗago tana neman idon mijinta, ta same shi ya ƙura wa masu busa ido kamar bai taɓa ganin kakaki ba.

Suna shiga gida ya fara cewa uwarsa ce, me take so ya yi.

"Ban ce ka zage ta ba, Crisanto, cewa na yi ka buɗe baki. Mai keken ƙanƙara na aura, shi yana da baki. Wannan na kan kujerar ban san shi ba."

Ta haɗa kayanta tana kuka, ta yi yaji gidan mahaifinta, ta koma kan teburin kifi da wuƙarta. Aure ya tsaya cak, gari ya samu abin tauna.

Crisanto bai zo biko ba. Abin da ya kawo shi kasuwar ma awon filin da wansa yake so ne, shi da ma'aikatansa. Masunta suka zuba masa ido, ga matarsa tana kankare kifi ko kallo bai ishe ta ba, ga surukinsa tsoho zaune kan kwando. Crisanto ya sunkuya jiki a sanyaye, ya tabbata yau za a rama, a hana shi hannu. Tsohon ya goge hannu a wando ya miƙa masa, ya bari ya kai goshi.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka ci abinci kuwa?"

Kunya ta kama magajin gari har ya kasa ɗagowa. A take ya sallami masu awo, ya ce muddin yana kan kujera ba mai taɓa kasuwar. Da yamma ya je ya roƙi Amparo. Ta ce ta ji, amma ba a tsakar gida aka tozarta ta ba, a ƙofar coci ne.

Efren ya haukace. Ya tsaya a kan uwarsa ya ce mata ba ta da wani amfani tunda ɗanta ma ya fi ƙarfinta, ya tattara ya yi Manila, babban birnin ƙasar. Tsohuwar ta yanke jiki ta faɗi, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Dangin da suke cika falo suka ɗauke ƙafa, don jinya ba kwangila ba ce.

Amparo ta dawo, ba don ta huce ba. Zuciyarta na tafasa take wanke tsohuwar, tana tafasa take ba ta romon kaza a baki, take murza mata hannun da man kwakwa. Kuma kowace safiya sai ta ɗaga hannun nan da ya mutu, wanda aka ɓoye mata a jaka, ta kai goshinta. Nanay Sabel takan juyar da fuska bango. Sau da yawa Amparo ta fito tsakar gida ta yi kuka ta ce gobe za ta tafi, gobe ta yi kuma ta ɗora ruwan wanka.

Wata safiya ta gama gaisuwar za ta miƙe, sai ta ji an riƙe ta. Tsohuwar ce da hannun hagu, tana jan hannun Amparo mai maiƙon kwakwa, da ƙyar, har ta ɗora shi a nata goshin. Crisanto yana tsaye a bakin ƙofa.

"Nanay, ba a yin haka," in ji Amparo.

"Ni na yi, 'yata," in ji tsohuwar da karkataccen bakinta. "Ranar Lahadi ku kai ni ƙofar coci in sake."

Aka kuwa kai ta a keken guragu, ta sake a gaban kowa, Crisanto yana riƙe da kafaɗar matarsa. Namijin da ya yi shiru ana wulaƙanta matarsa ya sani shi ma da hannunsa a ciki, kuma babban da ya hana na ƙasa albarka don abin duniya ya tuna bai san wa zai yi jinyarsa ba. Amparo ta yi haƙuri da fushinta a ciki, haƙurin ya dawo mata da mijinta da mutuncinta a wurin da aka zubar da shi.